Yadda Ake Zaɓen Amfilifayar Jita Mara Nauyi Don Gwaji a Gida da Wasa a Fili

Yawancin yaran da ke zuwa wurina koyon jita amfilifaya biyu, wato akwatin ƙara sautin jita, suke saya a shekararsu ta farko, kuma ba don kuɗi sun yi musu yawa ba. Ta farko 'yar ƙarama ce mai wat 10, wadda mai shago ya haɗa musu da jitar. Tana yi musu daɗi a ɗaki har zuwa ranar da aka fara gayyatarsu wasa, mai ganga ya zauna ya ɗaga sanduna, su nemi sautinsu su rasa. Haushi sai ya mayar da su kasuwa, su kinkimo ƙatuwa mai sifika biyu wadda sai mutum biyu ke cicciɓa. Kafin wata uku ita ma ta koma lungun ɗaki ana ɗora mata kaya, don kullum sai an yi ciniki mai zafi da mai adaidaita sahu kafin ya ɗauke ta, a gida kuma da an kunna ta maƙwabta sun fara buga ƙofa. Guda ɗaya ta isa duka aikin biyu, in an bi abin a tsanake.

Da farko, yanke nauyin tun kana gida

Kafin ka saurari ko guda, ka tsai da adadin kilon da ba za ka wuce ba. Ni nawa 12 ne, kuma shi nake ɗora wa duk wanda ya nemi shawarata. Ranar wasa jita tana goye a bayanka, jakar wayoyi tana hannun hagu, hannun dama kaɗai ya rage. Abin da ka ɗaga a shago ka ajiye ka ce ai ba komai, shi za ka hau bene da shi, ka tsallake kwata da shi, ka dawo da shi ƙarfe ɗayan dare bayan ka yi awa huɗu a tsaye. In ba ka san yadda kilo 12 yake a hannu ba, zuba ruwa lita 12 a jarka ka zagaya layinku da ita sau ɗaya.

Nauyin amfilifaya daga wuri uku yake fitowa: taransifoma, maganaɗisun sifika, da katakon akwatin. Mai kwalba, wato irin ta da mai aiki da bawul, taransifoma biyu manya gare ta, shi ya sa Deluxe Reverb ta Fender take kai kilo 19, Twin Reverb wajen 29, AC30 ta Vox kuwa ta haura 30. A 2019 Fender ya fito da jerin Tone Master, akwati da fuska iri ɗaya da na da, amma a ciki na'ura ce ke kwaikwayon sautin kwalba, sashen ƙarfin kuma irin da ake kira Class D ne, sifikar tana da maganaɗisun neodymium mara nauyi. Sai Deluxe ta dawo kilo 10 da 'yan kai, Twin ta dawo 15. Don haka in kana karanta bayanin amfilifaya ka ga waɗannan kalmomi biyu, Class D da neodymium, ka san bayanka zai huta.

Ina son sautin kwalba, ba na ɓoyewa. Amma ba na barin ɗalibina ya fara da ita. Kwalaben gilashi ne, suna gajiya, gargadar hanya tana jijjiga su, kuma ranar da ɗaya ta mutu za ka sha yawo kafin ka samu madadinta da wanda ya iya gyaran.

Sai maganar wat, inda kowa ke faɗuwa

A nan ni ma na faɗi, shi ya sa zan daɗe a kai.

Bikin farko da na yi a fili, da amfilifaya mai wat 20 da sifika inci 8 na je. A ɗakina ko rabin maɓallin ƙara ban taɓa kaiwa ba, don haka hankalina kwance yake. Muka fara, mai ganga ya shigo, mai jitar bes ya biyo shi, sai na ga yatsuna suna motsi amma kunnena bai jin komai nawa. Na murɗa ƙara zuwa bakwai, na kai tara, na ƙure ta. Sautin bai ƙaru ba, sai dai ya dagule ya koma kamar ana yaga tsumma. Kafin a shigo da amarya takardar sifikar ta tsage. Sauran daren a tsaye na ƙarasa shi da jita a rataye, kuma har yau ina jin nauyin mutanen da suka gayyace ni.

Abin da ban sani ba a lokacin guda uku ne. Na ɗaya, wat ba ya tafiya da ƙara yadda muke zato. Ninka wat sau biyu, daga 50 zuwa 100 misali, desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, kunne zai ji bambanci amma kaɗan. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai an ninka wat wajen sau goma. Na biyu, ɗaki yana taimakonka ba ka sani ba, domin bango da rufi suna dawo maka da sautin. A fili ko ƙarƙashin rumfar biki babu mai dawo maka da komai, iska ce ke shanye shi. Na uku shi ne mafi muhimmanci ga irin kiɗanmu. Mafi yawan abin da muke kaɗawa a biki da majami'a sauti mai tsabta yake so, kowace tsirkiya a ji ta daban. Sauti mai tsabta kuwa sai da rarar ƙarfi. Amfilifayar da aka ƙure ba ta da sauran abin bayarwa lokacin da ka daki tsirkiya da ƙarfi, sai ta guntule kan sautin. Mai kwalba in ta kai nan, dagulewarta tana da zaƙi, shi ya sa mai wat 15 zuwa 22 take iya tsayawa da ganga. Mai taransista, wato wadda ba ta da kwalba, in aka ƙure ta, ƙara ce mai cizon kunne, kuma ita ce ke kashe sifika.

Saboda haka ƙa'idata ke nan: in ba mai kwalba ba ce, kada ka sauko ƙasa da wat 50 muddin akwai mai ganga a ƙungiyarku. In yawancin wasanku a fili ne kuma mai gangarku hannunsa da nauyi, nemi 100. Ba don ka ƙure ta ba, sai don ka yi wasa a rabi, sauran rabin yana ajiye. Kuma ka lura da irin wat ɗin da aka rubuta. Akwai kayan da ake liƙa wa lambobi masu ban tsoro, ka ga akwati kamar bulo an rubuta 500 da haruffan PMPO a gefe. Wannan lambar talla ce. Wanda aka rubuta RMS shi ne abin dubawa.

Sifikar kuma inci 12, guda ɗaya. Inci 8 ba ta tura iska yadda za ta ratsa ganga, inci 10 tana iya yi a ƙaramin zaure, biyu masu inci 12 kuwa sun fitar da kai daga kilo 12 ɗin da muka yanke. Ingancin sifika ma yana shiga lissafi: wadda aka rubuta mata desibel 100 ta fi mai 97 ƙara daidai da a ce ka ninka wat ɗinka sau biyu, ba tare da ka ƙara ko kilo ɗaya ba.

Yanzu ka tambayi yadda za ta zauna da kai a ɗaki

Wat 50 a ɗaki ciki da falo fitina ce, in ba ta da hanyar rage ƙarfi. Nemi mai maɓallin da ke sauke wat ɗin kansa, ba na ƙara kaɗai ba. Katana-50 ta Boss, wadda aka fara fitarwa a 2016, ita nake yawan nuna wa masu farawa: wat 50, sifika inci 12, kilo 11.6, da maɓallin da ke zaɓar 50 ko 25 ko rabin wat. A rabin wat ɗin nan za ka yi gwajinka bayan isha'i ba wanda ya san kana yi. Tone Master Deluxe ita ma tana sauka har 0.2, sai dai kuɗinta ya ninka na Katana sau da yawa, kuma da yadda dala take yanzu ba zan ce wa mai koyo ya fara daga nan ba.

Ramin hedfon dole ne. Ramin shigar da sauti daga waya shi ma, don ka riƙa bin kiɗa kana koyo. Yawan sautuka ɗari biyu da ake tallatawa kuwa kada ya ruɗe ka, uku za ka yi amfani da su.

Wani zai ce batun wuta fa, ba gara mai batir ba? Micro Cube ta Roland da jerin THR na Yamaha kayan ɗaki ne masu daɗi, amma ba na fili ba ne. Cube Street EX tana aiki da batir AA guda 8, tana kai wat 50, nauyinta bai kai kilo 8 ba, kuma tana isar ƙaramin taro inda babu ganga. In kuɗinka na guda ɗaya ne, bar su tukuna.

Juya ta ka dubi bayanta

Abu biyu kake nema. Na farko ramin da aka rubuta wa Line Out, ko mai ƙafa uku irin na makirfo, wanda zai kai sautinka miksa, na'urar da ke haɗa sautukan wasa. A babban biki ba amfilifayarka ke ciyar da jama'a ba, manyan sifikun mai kayan sauti ne. Taka aikinta ka ji kanka, 'yan ƙungiya su ji ka. Da wannan ramin ƙaramar amfilifaya take yin aikin ƙatuwa. Ka kula, Katana-50 ta asali ba ta da shi a ware, ramin hedfon ne ke fitar da sauti, kuma da ka soka waya a ciki sifikar ta yi shiru. Katana mai wat 100 tana da shi, amma ta kusa kilo 15. In ka tsaya kan ta 50, sai a kafa makirfo a gaban sifikar, irin SM57 na Shure, a ɗan kauce daga tsakiya. Aikin yana fita lafiya lau.

Na biyu, lambar wutar da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wutarmu a Najeriya da Nijar tsakanin 220 ne zuwa 240. Kayan Amurka da Kanada 120 ne, na Japan 100, kuma gwanjon amfilifaya da yawa daga can suke zuwa. Na ga yaron da ya tara kuɗin wata biyar, ya kawo tasa gida, ya soka a bango, ta yi ƙara ɗaya hayaƙi ya tashi. In an rubuta 100 zuwa 240, ka huta. In 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai sauke wuta, shi kuma ƙarfe ne mai nauyi da za ka riƙa jigila duk inda za ka, ka ga ribar rashin nauyin ta tafi. Ni dai ba na saya ko da an karya mini kuɗin. Araha ba ta ado.

Gwaji kafin biya

Je da jitarka da wayarka, kada ka yarda da ta shago. Kashe duk wani amo da ƙawa da aka kunna, ka bar sautin tsirara. Kai ƙara rabi, ka daki tsirkiya mai kauri da ƙarfi, ka saurara ko sifika ko akwatin suna kakkarwa. Murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe, wanda ya yi ƙaraf-ƙaraf ƙura ta shige shi, abin gyara ne amma a rage maka kuɗi. Bar ta a kunne minti goma sha biyar, domin wasu lalurorin sai ta ɗau zafi suke fitowa. In mai shago ya yarda, zo da mai gangarku ko ka roƙi a kunna wani kiɗa da ƙarfi a gefe, ka ji ko kana fitowa. Daga nan ka ɗauke ta da hannu ɗaya ka taka zuwa bakin titi ka dawo, ka duba ko marikin ba zai tsinke ba.

A wurin wasa kada ka ajiye ta a ƙasa tana busa maka gwiwoyi, ɗora ta kan kujera ko ka kishingiɗar da ita ta kalli kunnenka. In ba ka jin kanka, ƙara maɓallin sautin tsakiya, wato Middle, ka rage na bes kafin ka taɓa ƙara. Kada ka jona ta da janareta sai ya tashi ya daidaita, ka sa sitabilaiza a tsakani, kuma ka kashe ta kafin a kashe shi. In ka taɓa tsirkiya ka ji wuta na tsikarinka, ko leɓenka ya taɓa makirfo ya ja ka, tsaya nan take a gyara wayar ƙasa ta soket ɗin, wannan yana kisa. Ka sa tela ya ɗinka mata riga da yadi mai kauri saboda ƙurar hunturu, ka kuma ajiye fis biyu masu lamba ɗaya da nata a aljihun jakar jita.