Kurakuran da ake yi wajen cike wasan kalmomi na ƙarshen mako

Jaridar New York Times ta Amurka, wadda ta fara buga wasan cike gurbin kalmomi na Turanci a 1942 (wasan da ake rubuta amsoshin tambayoyi harafi-harafi cikin gidaje, a tsaye da a kwance), ta tsara shi ne ta yadda na Litinin zai fi sauƙi, tsauri kuma ya riƙa ƙaruwa kullum har zuwa Asabar. Mutane da dama suna zaton na Lahadi ya fi kowanne wuya saboda faɗinsa, gida 21 a tsaye da 21 a kwance maimakon 15, alhali tsaurinsa bai wuce na tsakiyar mako ba. Wanda ya saba gama na Litinin a zama ɗaya, ya zo na Juma'a ya cije, ba kasafai ƙarancin sani ke kayar da shi ba, sai dai ya ci gaba da karanta tambayoyin yadda ya saba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne amincewa da ma'anar da ta fara faɗowa a rai. Mai tsara wasan ƙarshen mako da gangan yake zaɓen kalma mai harshen damo, kamar a rubuta wa Bahaushe “gari” a bar shi ya tantance ko na zama ake nufi ko na tuwo. Akwai tambayar da ta shahara, “Nice summer”, wadda mai gaggawa zai fassara da bazara mai daɗi. Da yake kowace tambaya da babban baƙi take farawa, ba ya lura cewa Nice sunan birni ne a kudancin Faransa, amsar kuma ETE ce, wato bazara da Faransanci. A nan wanda ya yi boko a Nijar ya fi na Najeriya saurin ganewa. Maganin wannan shi ne a tsaya kan kalmar farko a tambayi kai ko sunan wuri ne ko na mutum, ko kuma aikatau ce ta yi shigar suna. Alamar tambaya a ƙarshen jimla kuwa gargaɗi ne cewa akwai wasa da harshe.

Wasu kuma nahawu suke yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙa'ida ce amsa ta dace da tambaya: jam'i da jam'i, abin da ya wuce da abin da ya wuce, taƙaitacciyar kalma da taƙaitacciya. Masu tsarawa sun san haka, shi ya sa suke son kalmomi irin “put” da “hit”, waɗanda siffarsu ɗaya ce ko jiya aka yi aikin ko yau.

Alhamis tana da nata tarkon. Sau da yawa mutum yana da tabbacin amsa, amma gidajen sun kasa ɗaukarta, sai ya goge abin da yake daidai ya shiga laluben wani. A ranar ce aka fi cusa haruffa da dama, ko kalma guda cur, cikin gida ɗaya, saboda haka idan amsoshi biyu ko uku suka yi wa gurbinsu yawa, to dabarar ranar ke nan.

Juma'a da Asabar galibi ba su da jigo, wato batu guda da ke haɗa dogayen amsoshi, da zai yi jagora, kuma bin tambayoyi a jere daga ta ɗaya ɓata lokaci ne. Gara a fara da gajerun amsoshi masu harafi uku ko huɗu, domin kowane harafi na kalmomi biyu ne, ta tsaye da ta kwance, kuma harafi biyu kan isa su tona doguwar amsa. A yi aiki da fensir, ba biro ba. Idan wata kusurwa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a fara zargin amsar da aka rubuta tun farko ba tare da wata ta gitta ta tabbatar da ita ba, a goge ta, a sake karanta tambayoyin da ke kewaye da ita.