Yadda Ake Buɗe Ƙaramin Adireshi a cPanel

Tambayar nan ta yawaita: yaya ake samun adireshi kamar shago.sunanka.com ba tare da sayen sabon domen ba? Ga yadda ake yi.

1. Shiga cPanel, wato shafin da ake sarrafa gidan yanarka a sabar, ta sunanka.com:2083 (ka sa sunan domen ɗinka a madadin sunanka.com).
2. Danna "Domains". A tsohon cPanel sunansa "Subdomains".
3. Danna "Create A New Domain".
4. Rubuta cikakken adireshin: shago.sunanka.com. Ban da www, ban da ƙ, ɗ da ɓ.
5. Cire alamar da ke kan "Share document root".

Hattara, nan aka fi tuntuɓe. In ka bar alamar, sabon adireshin zai riƙa nuna babban shafinka ne kawai, kuma gyaran sai dai ka goge ka sake daga farko.

6. Duba sunan foldar da aka ba ka, ka riƙe shi.
7. Danna "Submit".
8. Buɗe "File Manager", ka zuba fayil ɗin index.html, wato shafin farko na sabon adireshin, cikin wannan foldar.
9. Je "SSL/TLS Status", ka danna "Run AutoSSL" domin adireshin ya samu takardar shaidar tsaro ta SSL.
10. Gwada adireshin.

Bai buɗe ba? Kada ka yi saurin gogewa. DNS, wato tsarin da ke haɗa adireshi da sabar da yake ciki, kan ɗauki mintuna, wani lokacin sa'o'i. Amma in DNS ɗinka na hannun kamfanin Cloudflare ko kamfanin da ka sayi domen, jira ba zai yi magani ba: can za ka ƙara rikodin A (bayanin da ke nuna wa adireshi lambar sabar) mai suna shago, ka sa lambar IP ta sabar, wadda za ka gani a shafin farko na cPanel. Bayan nan ka sake mataki na 9, don AutoSSL ba ya aiki sai adireshin ya iso sabar.