Yadda Ake Karanta Kundin Dabarun Tsaron Ƙasa

Gwamnatoci da yawa sukan fitar da kundin da ke bayyana yadda suke nufin kare ƙasarsu. A Amurka wata dokar 1986 ce ta ɗora wa shugaban ƙasa nauyin gabatar da shi ga majalisa, Nijeriya kuwa ta fitar da nata a 2014, ta kuma sabunta shi a 2019. Irin wannan kundi yakan zo cike da kalamai masu daɗin ji, don haka mai karatu yana bukatar hanyar rarrabe aya da tsakuwa.

Ka fara da duba sunan da aka kira abokin gaba da shi. Idan an ce 'yan ta'adda, kusan an rufe ƙofar sulhu ke nan. Idan an ce 'yan tawaye, an amince cewa akwai wata bukata ta siyasa a bayan bindigar. Daga nan sai ka ɗora kundin a kan kasafin kuɗin shekarar, domin duk alkawarin da ba a ware masa kuɗi ba buri ne kawai.

Inda ya fi cancantar ka daɗe shi ne ma'aunin nasara. Rundunoni sun fi son ƙidaya mayaƙan da aka kashe da makaman da aka ƙwace, saboda wannan lissafi yana da sauƙin faɗa a gaban 'yan jarida. Sai dai masu tayar da ƙayar baya suna neman mulkin jama'a ne, shi ya sa ya kamata ka tambayi kundin: wa ke yanke hukunci idan rikicin gona ya tashi a ƙauye, wa ke karɓar haraji a kasuwa, kuma shin manomi yana iya zuwa gonarsa ba tare da ya biya wani ba? A Afganistan kotunan Taliban sun daɗe suna shari'a a karkara kafin Kabul ta faɗa hannunsu ranar 15 ga Agustan 2021, bayan kusan shekara 20 ana yaƙi. A ganina, kundin da bai ce komai a kan alƙali da ɗan sanda da malamin makaranta ba ya bar rabin yaƙin a waje.

Bayan haka ka buɗe taswira. Tafkin Chadi ya haɗa Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma mayaƙin da aka kora daga wannan gaɓa yakan tsallaka waccan, abin da ya sa ake da rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a Injamena. Ka lura da shekarar da aka rubuta kundin, domin ƙawance yana sauyawa: Mali da Burkina Faso da Nijar sun kafa ƙawancensu na Sahel a 2023, suka kuma kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025. Duk shafin da ya dogara da haɗin kan maƙwabta kafin wannan lokaci, sai ka sake auna shi da halin da ake ciki yanzu.