Yadda Za Ka Nemi Jami'a a Waje Ko da Makarantarku Ba Ta Koyar da AP ko A-level

Duk shekara ina ganin ɗalibai a Jos masu A1 da B2 a WAEC suna sarewa tun kafin su taɓa fom, don sun ji yaran wasu ƙasashe na zuwa da AP ko IB, wato darussa da jarrabawoyin sakandare masu zurfi da ake yi a waje. Wannan bai isa ya hana ka ba.

Ka fara da zaɓen ƙasar da za ka je. Yawancin jami'o'in Ingila ba sa ɗaukar mai WAEC kaɗai kai tsaye. Sai ka yi shekarar share fage a can, ko ka zauna A-level, jarrabawar shiga jami'a ta tsarin Ingila, ta hannun British Council a Abuja. Duka biyun kuɗi ne, na share fagen ma da fam ake biya. Amurka kuwa tana karɓar WAEC, kuma da abin da makarantarku ke koyarwa take auna ka. In aljihu ba nauyi, can za ka nufa, ka nemi tallafi.

Mataki na biyu shi ne takardun makaranta, kuma a nan ake faɗuwa. A Common App, fom ɗin intanet da jami'o'in Amurka da yawa ke amfani da shi, akwai sashen da malamin ba da shawara ke cikewa, ba ɗalibi ba. Yawancin makarantunmu ba su da wannan malami, don haka shugaban makaranta ko mataimakinsa ko fom masta ne zai tsaya. Abin da ake yawan turawa layi uku ne da hatimi: yaron kirki ne, mai ladabi da biyayya. Mai karantawa a can bai san makarantarku ba, bai san Jos ba. Ya duba bai ga AP ba, ba wanda ya gaya masa dalili, sai ya ɗauka guje wa darussa masu wuya ka yi.

Ka je ofis da kanka, ka ce: "Ranka ya daɗe, shafi ɗaya nake roƙo a kan makarantar, ba a kaina ba." A shafin a rubuta yawan 'yan SS3, darussan da ake koyarwa, ma'anar A1 zuwa F9, sannan a faɗa ƙarara cewa makarantar ba ta koyar da AP, IB ko A-level. In ka ɗauki Further Maths, a ce shi ne lissafi mafi zurfi da ake yi a nan. In kai ne na biyu a aji, a faɗi cikin mutum nawa. A haɗa da sakamakon kowane zango daga SS1 zuwa SS3.

Gayyatar cike fom ta imel take zuwa wa malam, kuma malamai da yawa ba sa buɗe nasu. Ka saya masa data, ka zauna kusa da shi har ya tura. Kada ka kuskura ka buɗe imel da sunansa ka cike da kanka. In aka gano, ana iya soke komai. Tun Satumba ake fara wannan zirga-zirga, kafin hidimar jarrabawar zango ta ɗauke hankalin malamai.

Na uku, ka zauna SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, ko da jami'ar ta ce ba dole ba ne. Ga wanda ba shi da AP, maki mai kyau cikin 1600 shaida ce da kowa ke ganewa. Khan Academy, dandalin koyo na intanet, kyauta ce, ba sai ka biya lesin ba. In cibiyarka a Abuja take, ka kwana can, kada ka taso daga Jos da asuba.

Sauran ka yi su a kan lokaci. Neman da ake yi da wuri yakan rufe 1 ga Nuwamba, na gama-gari farkon Janairu. Ka cike fom ɗin CSS Profile don neman tallafin kuɗi, ka nemi a yafe maka kuɗin fom, ka ajiye katin duba sakamakon WAEC don wasu jami'o'in na tambayar lambarsa. Rubutun da za ka yi a kanka, wanda bai wuce kalma 650 ba, ka kai wa masu ba da shawara na EducationUSA, cibiyar Amurka mai taimaka wa masu neman karatu a can, a Abuja su duba kafin ka tura.