Yadda Ake Sauya Altaneta da Batura a Motocin Soja na Gwanjo

Duk wanda ya sayi ɗaya daga cikin manyan motocin da sojojin Amurka suka gama amfani da su suka yi gwanjonsu, kamar M35A2 mai ɗaukar tan biyu da rabi ko M923 mai ɗaukar tan biyar, matsalar da ta fi saurin tarar sa ita ce ta wuta, domin irin waɗannan motoci sukan shafe watanni ko shekaru a ajiye kafin su shiga hannun farar hula. Inji yakan jure doguwar ajiya, amma batir ba ya jurewa. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne altaneta, wato na'urar da ke caja batura idan inji na aiki, da batura da wayoyin da ke haɗa su aiki ɗaya suke yi, kuma wanda ya sauya ɗaya bai duba sauran ba yakan sake kashe kuɗi a kan abin da ya riga ya saya.

Tsarin wutar waɗannan motoci na volt 24 ne, ba 12 ba kamar na ƙananan motoci. A M35A2 batura biyu ne masu volt 12 aka jera, an haɗa kan tarawa (+) na ɗaya da kan ɗebewa (−) na ɗayan da gajeriyar waya mai kauri, suna zaune a akwati ƙarƙashin ƙofar fasinja. A jerin M939, wanda M923 ke ciki, batura huɗu ne: jeri biyu na bibbiyu, sannan aka haɗe jeren biyu gefe da gefe. Altanetar da aka saba samu a kan su biyun mai amfiya 60 ce.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a auna. Allurar da ke dashbod, wadda ke nuna kore da rawaya da ja, ba abar dogaro ba ce bayan shekaru masu yawa, don haka a nemi mita ta hannu. Idan mota ta kwana ba a tayar da ita ba, batir mai cikakken caji zai nuna kusan volt 12.6, biyun a haɗe kuma kusan 25.2. A auna kowane batir shi kaɗai, domin jimilla takan ɓoye gaskiya: ɗaya na iya nuna 12.7 ɗayan kuma 11.9, a ga lamba mai kyau alhali ɗaya ya fara mutuwa. Daga nan a tayar da inji, a ɗan ɗaga totur sama da silo, a sake aunawa a kan batura. Lafiyayyar altaneta za ta kai wutar kusan volt 28. Idan lambar ta tsaya inda take kafin a tayar, ba ta caji. Idan ta haura 30, regileta, wato na'urar da ke daidaita wutar altaneta, ta lalace, kuma a kashe inji nan take kafin batura su tafasa, ƙwayayen fitilu su ƙone.

Ko an ga ba ta caji, kada a yanke mata hukunci tukuna. A duba fambel ko ya saki, a duba wayar da ke tafiya daga batir zuwa shasi, a kwance ta a kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya fito fes. Sojoji sun yi ta shafa wa motocin nan fenti a kan fenti, kuma ba abin mamaki ba ne a samu fenti ya shiga tsakanin waya da ƙarfe. Akwai kuma siririyar wayar da ke kai wa altaneta wutar da za ta tashe ta idan an kunna makunni; in ta tsinke ko ta yi tsatsa, sabuwar altaneta ma ba za ta ba da komai ba. Wayoyin motocin soja suna ɗauke da ƙananan zobba na ƙarfe masu lamba, kuma zanen da ke littattafan gyara na soja, TM 9-2320-361 na M35A2 da TM 9-2320-272 na jerin M939, yana nuna inda kowace lamba ta dosa.

Idan an tabbatar altanetar ce ta mutu, zaɓi biyu ne. Na farko a mayar da irin ta soja, wadda za ta zauna a mazauninta ba tare da gyare-gyare ba, kuma an yi ta ne don ta jure ruwa da laka. Na biyu a sa ta manyan motocin kasuwa mai volt 24, kamar ta kamfanin Delco Remy, wadda ta fi sauƙi a nauyi da samuwa, amma tana buƙatar sabon mazauni da fuli da zai dace da fambel. A ganina, wanda ke tafiye-tafiye masu nisa da motarsa ya fi dacewa da ta kasuwa, saboda in ta lalace a hanya za a samu madadinta cikin sauƙi, shi kuwa mai son motar ta tsaya yadda ta fito daga soja, ko mai ratsa ruwa da ita, ya riƙe ta asali.

Aikin kansa ba mai wuya ba ne. A kashe inji da makunnin batir, a cire zobe da agogo daga hannu, sannan a fara cire wayar shasi daga batir kafin kowace, domin sifana da ta taɓa kan batir da jikin mota a lokaci guda tana iya yin ja ta narke. A ɗauki hoton wayoyin da ke bayan altaneta, a kwance su, a sassauta notin da ke ja da fambel, a zare fambel, sannan a kwance na ƙasa. Ta soja tana da nauyi fiye da yadda ido ke zato, saboda haka a tallafe ta kafin a zare kusar ƙarshe. Wajen ɗora sabuwa, abin da ya fi cancantar haƙuri shi ne daidaita fuli: a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin altaneta da na inji, a tabbatar sun hau layi ɗaya, domin karkata kaɗan tana cinye fambel tana kuma kashe boris. Inda fambel biyu ne, a sauya su tare. A ja su yadda in an danna da babban yatsa a tsakiya za su lotsa kamar rabin inci.

Wanda ya ƙara ƙarfi, ya tashi daga amfiya 60 zuwa 100 ko fiye, dole ya sauya babbar wayar da ke ɗauke da caji zuwa mai kauri, ya kuma sa mata fis kusa da batir. Tsohuwar waya an auna ta ne da tsohuwar altaneta, kuma in aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta zafi za ta yi har robarta ta narke.

Batun batura ya fi buƙatar tunani. Na asali su ne waɗanda ake kira 6T, masu kusurwa huɗu kusan daidai, irin su 6TL da 6TMF, kuma akwai na zamani marar zubar da ruwa na Hawker Armasafe mai amfiya-awa 120, wanda nauyinsa ya kai kusan kilo 40. Suna da ƙarko, amma suna da tsada, shi ya sa masu motoci da yawa ke komawa ga batura na manyan motocin kasuwa da ake kira Group 31. Sun fi tsawo sun kuma fi siranta, don haka a auna akwati kafin a saya, a kuma ƙera maɗauri mai ƙarfi, domin batir da ke tsalle a cikin akwati ba ya daɗewa. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce a sayi batura iri ɗaya, girma ɗaya, shekara ɗaya, a kuma caja kowanne shi kaɗai har ya cika kafin a jera su. Altaneta jimillar wuta kawai take gani, ba ta san wane ne mai rauni ba, saboda haka in an haɗa sabo da tsoho, ɗaya zai sha caji fiye da kima yayin da ɗayan ke zama da yunwa, a ƙarshe su mutu tare.

Wannan dalili ne ya sa bai kamata a ja wutar volt 12 daga batir ɗaya don rediyo ko cajin waya ba, ko da yake hanya ce mai sauƙi da ke jan hankalin mutane. A sa na'urar da ke sauko da 24 zuwa 12, ko mai daidaita caji tsakanin batura kamar ta kamfanin Vanner. Motocin da suka zo daga baya, irin su M1078, sun fito da altaneta ta kamfanin Niehoff mai ba da volt 14 da 28 a lokaci guda, wato na ɓangaren 12 da na 24, kuma ba a maye gurbinta da mai wuta ɗaya sai an tanadi wata hanyar ciyar da ɓangaren 12.

Bayan an gama, a mayar da wayar shasi a ƙarshe, a tayar, a sake aunawa da fitilu da hita a kunne, a ga ko wutar ta tsaya kusa da 28. Kada a taɓa cire kan batir inji yana aiki don gwada caji, kuma a M939 a kashe inji ya tsaya cak kafin a kashe makunnin batir, domin yanke batura daga altaneta mai juyawa yana haifar da tashin wuta da ke ƙone regileta. Idan batura sun sauka sosai, a cika su da caja ta bango maimakon a bar wa altaneta aikin, musamman a mota mai batura huɗu. Motar da za ta zauna fiye da makonni kaɗan a cire mata wayar shasi ko a jona mata ƙaramar caja mai kula da batir, sannan a sake duba jan fambel bayan tafiyar farko, domin sabon fambel yakan ɗan miƙe.