Darasi na Bakwai: Adana Aiki da Nemo Shi a Windows

Yawancin kwamfutocin da ke ofisoshi, makarantu da shagunan buga takardu suna aiki ne da Windows, wato babbar manhajar da kamfanin Microsoft na Amurka ke yi. Ita ce ke buɗe sauran manhajoji, ita ce kuma ke riƙe da fayilolinku. Iri biyu aka fi gani yanzu: Windows 10 da ta fito a 2015, da Windows 11 ta 2021. Bambance su ba wuya. Ku dubi layin da ke ƙasan allo. Idan alamar Start tana can kusurwar hagu, galibi Windows 10 ce, idan tana wajen tsakiya, 11 ce. Duk abin da za mu koya a nan yana aiki a kan kowacce.

Sabon ɗalibi yakan ji tsoron taɓa maɓalli kada ya lalata kwamfutar. Ku kwantar da hankalinku, da wuya danna maɓalli ya lalata ta. Abin da ke sa mutane asara shi ne aikin da ba a adana ba, da wanda aka adana amma aka rasa inda aka sa shi.

Me ya sa aiki ke ɓacewa idan an ɗauke wuta?

Rubutun da kuke gani a kan allo yana zaune ne a wata ma'ajiya ta wucin gadi da ake kira RAM, wadda ba ta riƙe komai sai da wuta. Kamar hatsin da aka shanya a tabarma ne, bai shiga rumbu ba tukuna. Kwamfutar tebur kuwa ba ta da batir irin na laftof, Nepa na ɗaukewa sai ta mutu nan take, sai fa in an haɗa ta da UPS, wato na'urar batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci. Wani lokaci Word, manhajar rubutu, yakan ceto wani ɓangare na aikin idan an sake kunnawa, amma kada a dogara da wannan.

Maganin maɓalli biyu ne. A danne Ctrl da ƙaramin yatsan hagu, a taɓa S sau ɗaya, a saki. Ku riƙa yin haka duk bayan sakin layi, da kuma duk lokacin da za ku tashi, ko da zuwa alwala ne.

Karon farko da kuka danna, wani akwati zai fito yana tambayar abu biyu: sunan fayil da wurin ajiye shi. A nan ne mutane da yawa ke gaggawa, su danna Enter ba su karanta ba, bayan sati su zo suna cewa kwamfuta ta cinye musu takarda. Ku tsaya ku duba saman akwatin, ku tabbatar an rubuta Documents, wato wurin ajiye takardu, sannan ku ba fayil ɗin suna mai ma'ana. "Wasiƙa" kawai ba suna ba ne, domin nan da wata uku za ku tara wasiƙu goma. Ku rubuta kamar haka:

2025-03-14 Wasiƙar neman taki

An fara da shekara, sai wata, sai rana, saboda kwamfuta ta jera muku takardun bi da bi, daga tsohuwa zuwa sabuwa. Ku lura da ƙaramin layin da ya raba lambobin. Windows ba ta karɓar 14/3/2025 a matsayin suna, domin alamomin / \ : * ? ba sa shiga sunan fayil.

Folda

Danna maɓallin Windows, mai hoton taga, tare da E yana buɗe wurin da duk fayiloli suke. A shiga Documents, a danna Ctrl da Shift da N tare, sabuwar folda za ta fito tana jiran suna. Mai shago zai iya yin guda uku: Bashi, Rasit, Wasiƙu. Sakatariyar ƙungiyar mata ta yi ɗaya ta adashi, ɗaya ta rahoton taro. In sunan bai yi ba, a zaɓi foldar a danna F2 a sake shi.

Wasu kan zube komai a fuskar allo har hoton baya ya daina ganuwa. A ganina wannan ɗabi'a ce da ya kamata a bari tun yanzu, don ba ta taimakon kowa ranar nema.

Idan kuma takarda ta ɓace muku, ku taɓa maɓallin Windows shi kaɗai, ku fara rubuta kalma ɗaya daga sunanta, kamar "taki". Abin da aka sauko da shi daga intanet kuma, a fara duba shi a foldar Downloads.

Idan an yi kuskure

Ctrl da Z yana janye abin da aka yi na ƙarshe. Kun goge sakin layi guda bisa kuskure? Ku danna, zai dawo. Yana aiki har a cikin folda, misali idan hannu ya zame kuka ja fayil zuwa wani wuri.

Fayil ɗin da aka goge da Delete bai tafi ba, yana cikin kwandon shara da ke fuskar allo, mai suna Recycle Bin. A buɗe kwandon, a danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami (mouse), a zaɓi Restore, zai koma inda yake. Amma akwai wurare biyu da babu wannan rangwamen. Idan aka haɗa Shift da Delete, fayil ba ya bi ta kwandon. Haka ma abin da aka goge daga kan filashi, kai tsaye yake tafiya. Saboda haka idan kwamfuta ta tambaye ku ko kun tabbata, ku karanta tambayar kafin ku amsa.

Filashi

Jan fayil daga kwamfuta zuwa filashi kwafi yake yi, na asalin yana nan. Wannan shi ake so. Takarda mai muhimmanci, kamar takardar fili ko sakamakon jarrabawar yara, ta kasance a wuri biyu. Kafin a zare filashi a nemi alamarsa a ƙasan allo ta dama, kusa da agogo, a danna Eject, domin zare shi ana tsakar kwafi yana lalata fayil.

Akwai wata cuta da filashi ke kwasowa daga kwamfutocin da jama'a ke yawan amfani da su. Za ku buɗe ku ga foldodinku sun koma wasu alamomi masu 'yar kibiya a gefe. Kada ku danna su, dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfutarku. Kada kuma ku yarda a yi wa filashin Format, wannan share komai ne. Galibi fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. A danna filashin da maɓallin dama, a zaɓi Scan with Microsoft Defender, sannan a nemi wanda ya ƙware ya fito da su. A Windows 11 sai an fara danna Show more options kafin a ga wannan zaɓin.

Idan kwamfuta ta tsaya cak

A ba ta minti ɗaya ko biyu tukuna, yawan dannawa ƙara mata nauyi yake yi. In ba ta farfaɗo ba, a danna Ctrl da Shift da Esc, jerin manhajojin da ke aiki zai fito. A zaɓi wadda ta maƙale a danna End task. Abin da ba a adana ba a cikinta zai iya tafiya, amma sauran manhajojin ba abin da zai same su. Danne maɓallin kunnawa har kwamfuta ta mutu shi ne mataki na ƙarshe, bayan komai ya ƙi.

Wanda yake aiki a ofis ko shagon da mutane ke shige da fice, ya danna Windows da L kafin ya tashi. Allo zai kulle, sai da lambar sirri, in an sa mata, aikin kuma yana nan yadda aka bar shi.

Aikin gwaji

1. Ku buɗe folda a cikin Documents, ku sa mata sunan garinku.
2. Ku rubuta layi uku a Word, ku adana su a wannan foldar da suna mai kwanan wata.
3. Ku rufe komai, ku nemo takardar ta hanyar rubuta kalma ɗaya daga sunanta.
4. Ku goge ta, ku dawo da ita daga kwandon shara, sannan ku nuna wa na kusa da ku yadda kuka yi.