Tumatirin Bahar Rum da ba ya shan ban ruwa: kurakuran da aka fi yi daga gona zuwa kwalba

A kudancin Italiya da wasu tsibiran Sifaniya da Girka akwai tumatir da ake dasawa a watan Afrilu ko Mayu, a zuba masa ɗan ruwa ranar dashe, daga nan kuma sai girbi. Ana tsinkarsa a Yuli da Agusta, iyali su yi ta ci har sanyi ya wuce, ba firji ba lantarki. Na gindin dutsen Vesuvius kusa da birnin Napoli shi ake kira piennolo, na tsakiyar tsibirin Sisili siccagno, na tsibirin Mayorka a Sifaniya ramellet, sai wani ɗan ƙarami na tsibirin Santorini a Girka. Tarayyar Turai ta yi wa na Vesuvius rajistar kare suna a 2009, na Santorini a 2013.

Mutane da yawa sun gwada wannan noma da wannan ajiya sun tashi a tutar babu. In aka bi diddigi, kusan kowace asara ruwa ne ya jawo ta: ko an ba shuka wanda ba ta buƙata, ko an bar shi a cikin naman tumatir, ko yana cikin iskar ɗakin ajiya ba a lura ba.

Kuskuren farko yana cikin fahimta. Wasu na jin "ba ban ruwa" sai su ɗauka tumatirin yana rayuwa ba ruwa. Ba haka ba ne. A ƙasashen Bahar Rum ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, daga Oktoba zuwa wajen Afrilu, lokacin zafi kuma sama ta bushe ƙayau. Ƙasar tsakiyar Sisili laka ce mai zurfi, tana shanye ruwan sanyi ta riƙe shi a ƙasa. Ta Vesuvius da ta Santorini toka ce da tsakuwar aman wuta masu ƙananan ramuka da ke tsare danshi, a Santorini kuma ga laimar teku da ke sauka da dare. Ruwan nan da ƙasa ta ajiye shi shukar ke sha har ta yi 'ya'ya. Wanda ya san yadda ake noman masakwa a ƙasar firgi ta Barno, inda ake dasa dawa bayan damina ta ɗauke ta kuma nuna da danshin da laka ta riƙe, ya riga ya gane dabarar. Saboda haka kafin a yi maganar iri, a haƙa rami a gona a duba. In jigawa ce mai rairayi da ke tsiyayar da ruwa cikin kwana biyu, ko kuma dutse na kusa da sama, wannan noma ba na wurin ba ne. In kuma ruwan shekara ya yi ƙaranci, kamar yadda ya faru a Sisili a 2024 har aka riƙa raba ruwan famfo da awo, manomin kirki yana rage fili ne, ya ƙara tazara, ko ya haƙura da wannan shekarar.

Sai iri. A sayo irin zamani da aka ƙirƙira don ban ruwa da takin buhu, a hana shi ruwa, a ce an yi noman gargajiya: wannan horo ne kawai, ba zai haifar da komai ba sai ƙananan 'ya'ya masu baƙin gindi. Irin da ake ajiyewa ta hanyar rataya shi a igiya dabam yake. Na Vesuvius ɗan ƙarami ne, bai cika wuce giram 25 ba, fatarsa na da kauri, yana da ɗan tsini a ƙasa, kuma yana manne da tsinkensa ƙam, ba ya faɗuwa ko ya yi watanni a rataye. Masu bincike a Sifaniya sun gano cewa yawancin tumatirin rataya na Kataloniya da Mayorka suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gadonsu, wanda ake kira alc, shi ke jinkirta laushinsu bayan girbi. Tumatirin miya na kasuwa ba shi da wannan, ko an rataye shi a ɗakin da ya fi kowanne iska, mako biyu ya yi yawa. Mai son ajiye iri kuma kada ya ɗiba daga 'ya'yan da suka fi girma ranar girbi. Ya jira, ya ɗiba daga waɗanda suka fi daɗewa a rataye lafiya lau, domin halin da ake nema ke nan.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na tausayi. Da rana ta take a watan Yuli ganye kan lanƙwashe, shukar ta yi kamar za ta mutu. Sabon manomi sai zuciyarsa ta karye, ya ɗauko bokiti. Illar wannan iri biyu ce. In tun tana ƙarama ake yayyafa mata ruwa kaɗan-kaɗan, saiwarta ba za ta nitsa neman danshi ba, za ta tsaya a sama tana jiran a kawo mata, ranar da aka daina kuwa ta mutu da gaske. In kuma ta riga ta saba da ƙishi, 'ya'yanta sun fara ja, sai aka kwarara mata ruwa, naman zai kumbura fiye da yadda fata za ta iya ɗauka, ta tsage. Tumatirin da ya tsage ba ya daɗewa a ajiye. Wanda bai tsage ba ma zaƙinsa ya tsinke, tsaminsa ya ragu, kuma waɗannan biyun su ne jarin ajiya. Lokacin duba shuka shi ne da sassafe. In ganyen ya miƙe da asuba, lafiyarta ƙalau, lanƙwasar rana dabarar rage gumi ce. In har gari ya waye tana nan a kwance kwana biyu ko uku a jere, to a yi mata ruwan ceto sau ɗaya, mai yawa, a gindi, da yamma, sannan a janye hannu.

Abin da ke maye gurbin bokiti fartanya ce. Laka in ta bushe tana tsattsagewa, ta waɗannan tsaguna danshin ƙasa ke tserewa. Yawan noma sama-sama yana toshe su, yana kashe ciyawar da ke raba ruwa da tumatir. A nan ma ana kuskure, a nitsa fartanya har ta yanke saiwa. Faɗin yatsa uku ya isa. A dasa da zurfi, a binne rabin karan domin ya fitar da sabuwar saiwa, a kuma ba da tazara fiye da ta lambun ban ruwa, tunda kowace shuka daga rumbun da ke ƙarƙashinta take ci. Yuriya da yawa ganye take ƙarawa, ganye kuwa ruwa yake sha. Takin dabbobi da ya ruɓe, wanda aka zuba tun kafin ruwan saman lokacin sanyi, shi ya dace.

A kuma daina auna wannan gona da ma'aunin gonar kamfani. Amfanin da take bayarwa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da ta ban ruwa. Ribarta tana wurin da ba a saba dubawa ba: ba kuɗin injin ban ruwa da mai, ba a zuƙe rijiya, cututtukan ganye ba su da yawa saboda ganyen a bushe yake, kuma kowane kilo nama ne, ba ruwa ba.

Rataya

A Vesuvius ba a tsinkar tumatir ɗaya-ɗaya. Ana yanke nonon gaba ɗaya da almakashi lokacin da kusan kashi 70 cikin ɗari na 'ya'yan suka yi ja, sauran su ƙarasa nuna a rataye. Jiran duka su nuna kuskure ne, na farko zai yi laushi ya ruɓar da maƙwabtansa. Fizge tumatir daga tsinkensa ma kuskure ne, domin wannan ɗan tabon ƙofa ce ga fumfuna. Ana jera nonnan a kan igiyar rama da aka ƙulla kamar zobe, ɗaya bisa ɗaya, har ɗauri ya kai kilo 1 zuwa 5. A Mayorka kuwa allura da zare ake sa wa a tsinken, a ɗinke su a jikin igiya.

Kada a wanke. Mutum ya ga ƙura ya ce bari ya tsabtace, ruwan ya maƙale a gindin tsinke, bayan mako ɗaya wurin ya yi furfura. A goge da busasshen ƙyalle in ya zama dole, wanki sai ranar da za a ci. Kada a yi girbi da raɓa ko bayan yayyafi. Wurin rataya kuma inuwa ake so mai iska tana ratsawa, kamar rumfa ko baranda mai rufi, ba rana ba, ba ɗakin girki mai tururi ba, ba kuma jingine da bango ba. Ɗauri kada ya taɓa ɗauri. Duk mako a zagaya a cire wanda ya fara laushi ko tsiyaya. Yamutsewar fata ba lalacewa ba ce, ruwa ne ke fita a hankali, ɗanɗano na ƙara kauri. In an kiyaye, piennolo kan kai wata bakwai ko takwas. Amma a tuna watannin sanyin Italiya yake ratsawa. Wanda zai gwada a Kano ko Maraɗi, hunturu ne kawai zai ba shi irin wannan iska, zafin Maris da Afrilu da laimar damina ba za su bar shi ya daɗe haka ba.

Shanya

A Sisili da yankin Puglia na kudancin Italiya ana tsaga tumatir gida biyu, a jera shi cikinsa na kallon sama, a barbaɗa gishiri, a shanya a kan raga ko asabari da aka ɗaga daga ƙasa. Kurakuran nan mun san su, domin su ne ke rage darajar kauɗarmu: shanya a ƙasa ko a bakin titi inda yashi da hayaƙi ke shiga, rashin rufewa da yadi mai shara-shara don ƙuda, da barin shanya ta kwana a waje ta sha raɓa. Abin da rana ta cire da yini, dare ya mayar. A shigar da shi kafin magariba. Ya bushe idan yana lanƙwasuwa kamar fata ba ya karyewa, kuma in an matsa ba danshi a yatsa. Kwashewa da wuri, a ɗure a leda, shi ke kawo fumfuna.

Astrattu, markaɗen da mutanen Sisili ke busarwa a rana, ya fi wuya. Ana tace tumatir a fitar da fata da ƙwayoyin iri, a sa gishiri, a shimfiɗa a kan faffaɗan katako a tsakiyar zafin Yuli da Agusta. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba shi da kauri a tafi a bar shi. Sama ta yi ɓawo, ƙasa ta yi tsami ta fara kumfa. Siriri ake shimfiɗa shi, ana juyawa da cokalin katako kusan ba tsayawa, yana raguwa ana haɗe na katako biyu a ɗaya, har bayan 'yan kwanaki ya zama ja mai duhu da za a iya dunƙulawa da hannun da aka shafa wa mai. Kilo goma na tumatir kan koma kusan kilo ɗaya. Kada a yi wannan a tiren alminiyam, tsamin na cin ƙarfen ya ɓata ɗanɗano. A danna shi cikin tulu ko kwalba ba tare da barin ramin iska ba, a rufe samansa da man zaitun, duk lokacin da aka ɗiba a daidaita a ƙara mai. Wajen girki kuma rabin cokali ake narkarwa cikin mai da albasa, kuma kada a sa gishiri sai an ɗanɗana.

Kwalba

Sauran kurakuran asarar abinci suke jawowa. Na kwalba yana iya ɗaukar rai, shi ya sa ba na yarda da "haka kakanninmu suka yi" a wannan wuri. Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum da ke zaune a ƙasa, tana farfaɗowa inda babu iska kuma tsami ya yi ƙaranci, ta saki guba mai shanye jijiyoyi. Sau da yawa ba ta canza wari ko launi. Ba ta iya girma in abinci ya yi tsami har lambarsa ta sauka ƙasa da 4.6 a ma'aunin pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, tumatir kuwa a bakin wannan iyaka yake, wanda ya nuna sosai ko ya fara lalacewa yana iya haurawa. Don haka tumatirin da ya ruɓe gefe ɗaya ba a yanke wurin a jefa sauran a tukunya. A kowace lita ta markaɗe a zuba ruwan lemun tsami cokali biyu na cin abinci. A cika kwalba da zafinsa, a bar ɗan sarari a sama, a sa sabon murfi, a nitsar da kwalaben cikin tukunya ruwa ya rufe su da yatsa biyu ko uku, a tafasa minti 45 ga kwalbar lita ɗaya. Lissafi daga lokacin da ruwa ya fara tafasa yake farawa, ba daga kunna wuta ba, a wuri mai tudu kuma a ƙara minti biyar zuwa goma. Zuba markaɗe mai zafi a kife kwalba a lulluɓe da bargo, wanda har yanzu wasu gidaje ke yi, bai isa ba.

Mai ba ya kashe ƙwayar cuta, iska kawai yake tsarewa, abin da wannan ƙwayar ke so ke nan. Busasshen tumatir da za a jiƙa a man zaitun sai an fara tsoma shi 'yan mintoci cikin tafasasshen ruwan khal da aka haɗa da ruwa rabi da rabi, a sake shanya shi ya bushe sarai, sannan mai ya rufe shi ruf. Ɗanyar tafarnuwa da ɗanyen ganyen ƙamshi ba sa shiga kwalbar da za ta zauna a kanta. In ana son su, a haɗa kaɗan, a sa a firji, a cinye cikin 'yan kwanaki.

Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi tsartuwa da kumfa wajen buɗewa, a zubar ba tare da ɗanɗanawa ba. Wanda ya ci abincin kwalba kuma bayan awa 12 zuwa 36 ya fara ganin abu bibbiyu, fatar idonsa na saukowa, haɗiya ko magana na yi masa wuya, a kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar kwalbar, a kuma nemo duk wanda ya ci tare da shi.